Abin da Na Gani a Ƙirjin Aminiyata

Ban taɓa neman in zama mai wankan gawa ba. Gwaggona, ƙanwar babana, ita ke wanke matan unguwarmu a Madarumfa tun ina yarinya. Da gwiwoyinta suka fara ƙin durƙuso, sai ta riƙa aikowa in zo in zuba mata ruwa. Lokacin na haura shekara arba'in, har na aurar da 'ya'ya biyu. Shekarar farko ina zuba ruwa tana wankan. Ta biyu ni ke wankan, tana zaune a kujera 'yar tsugune tana gyara mani da baki. A ta uku ni na wanke ta.

Aikin ba shi da wuyar koyo. Ruwa mai ɗumi da ganyen magarya, tsumma a naɗe a hannu, zane a lulluɓe kan mamaciya, a fara da dama, a tsefe kai a wanke a raba shi uku, ruwan ƙarshe a sa kafur. Abin da Gwaggo ta fi nanata mani shi ne bakina. Ta ce abin da ido ya gani a ɗakin wanka amana ne, ba a fita da shi, ko ga mijin mamaciyar, ko ga uwar da ta haife ta. Na riƙe wannan da hannu bibbiyu, kuma don shi mutane suka yarda da ni.

Yawancin waɗanda nake wankewa tsufa ne ya kai su, ko haihuwa, ko zazzaɓin damina. Amma akwai wani abu da shekara ba ta wucewa ban gamu da shi ba, wata shekarar ma a kai a kai. In na kai hannu ƙarƙashin zane sai in ji ɗauri. Tsummoki ne aka naɗe ƙirji da su aka ƙulle tam, sun manne da fata, sai an jiƙa su kafin su saki. A ƙarƙashi gyambo ne, wani ya cinye nono ɗaya, wani ya kai har hamata. Wata kuma ƙirjinta lafiya lau, amma sai in ga tulin tsummoki a bayan gado: mace ta daɗe da barin al'ada, jini kuwa bai bar ta ba har ta ƙare ta koma kamar kara. Akwai tsofaffi a cikinsu, akwai masu goyo. In na fito tsakar gida sai in ji ana gaya wa masu gaisuwa cewa zazzaɓi ne, ko hawan jini, ko ta ɗan kwanta kwana biyu ne kawai. In ce Allah Ya jiƙan ta, in tafi gida.

Gwaggo daji take kiran shi. A rediyo kuma nakan ji suna cewa kansa, ko sankara. A wajenmu kowa ya tashi da jin cewa daji ba ya son ƙarfe, wai da allura ko wuƙar likita ta taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Saboda haka mai shi takan nemi saiwa da ganye, ta ɗaure abinta, ta ja bakinta.

Akwai wani tsohon tela a bakin kasuwa, shi ke yanka mana likkafani, shi ne kuma ke wanke mazan unguwar. Wata rana na je karɓar yadi, na tarar ba kowa a shagon, sai na ce da shi:

"Baba, ku ma kuna ganin dajin nan a wajen maza?"

Bai ɗago daga almakashinsa ba. Ya ce, "Muna gani. Namu dai bai cika fitowa waje ba kamar naku. Ciki ne ke kumbura ya yi tauri ta gefen dama, ido ya koma ruwan ɗorawa, mutum ya rame ya bar ciki kaɗai. Majiya ƙarfi fa, masu riƙe da gida. Tsofaffi kuma fitsari ne ke tsaya masu."

"Mi ake cewa ya kashe su?"

"A ce ciwon shawara, a ce sammu. Wani a ce abin da ya ci ne a wajen cin rani."

"To na wa ya fi yawa, namu ko naku?"

"Ke ke ganin naku, ni ke ganin namu, kuma daga ni har ke ba mai faɗi. Wa zai sani?"

Ya naɗe yadin ya miƙo mani.

Wankan gawa ba sana'a ba ce. Sana'ata suyar kifi, a bakin tasha, kuma fiye da shekara ashirin ni da aminiyata muke yin ta a rumfa ɗaya. Doguwa ce, mai ƙarfi, in ta yi dariya har masu lodin mota sai sun waiwayo. Ita ke zuwa bakin tabki da sassafe ta yi ciniki da masunta, don ni ba ni da bakin ciniki. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ya bar ta da ɗiya biyu mata. Babbar tana aure a Safo, ƙaramar a Ɗan Issa. Babbar nan 'yar fari ce, saboda haka uwar ba ta faɗin sunanta, ba ta zama hira da ita, in za ta ambace ta sai ta ce "ɗiyar nan taki." A ɗakina aka yaye ta, ni na yi mata kitson sallah har ta girma, ni na kai ta ɗakin miji. Inna take ce mani.

Wata bazara na lura aminiyata ta daina ɗaga babban kasko da hannu biyu. Ta koma sa dogon hijabi a bakin wuta, ga zafin rana ga na itace. Turare kuma ya yi mata yawa, ita da ba ta damu da shi ba. Ran nan ta sunkuyo ta gabana za ta ɗauki matsami, sai wani wari ya bugo ni ta ƙarƙashin turaren da ƙarnin kifin. Na san warin nan. Ban dai taɓa jin shi a jikin mai rai ba.

Na ce, "Lafiya hannun nan naki?"

Ta ce, "Sanyi ne. Tsufa ya fara sallama."

Na dube ta, ta dube ni. Sai ta nuna kaskona da haɓa ta ce, "Kifinki zai ƙone."

Iyakar tambayar da na yi mata ke nan. Gidan likita yana nan ƙarshen layinmu, da na ja hannunta da mun isa kafin mai ya huce. Na gaya wa kaina cewa in tana so in sani za ta faɗa, kuma ba a tone wa babba asiri. Gaskiyar ita ce bakina ya saba da shiru, kuma tsoron amsar nake ji.

Da damina ta sauka ta daina fitowa. Kullum da safe nakan kai mata kunu kafin in wuce tasha. Nakan same ta a ɗaki ta ja mayafi har wuya, ga kaskon turaren wuta a gefe. Sai ta tambaye ni yadda kifi yake a bakin tabki, wa ya haihu, wace mota ta lalace. Sau ɗaya kawai ta matso kusa da maganar. Na tashi zan tafi, ta ce:

"In lokaci ya yi, ke za ki yi mani. Kada ki bar kowa ya shigo sai mai zuba ruwa."

Na ce, "Wa ya san wanda zai riga wani?"

Ta ce, "Na dai gaya maki."

Ta rasu da hantsi, ana cikin yankan gero. Ƙanwar mijinta ce ta zuba mani ruwa, na ce mata ta riƙa kallon bango. Da na kai hannu na ji ɗaurin, ban yi mamaki ba, amma sai da na zauna dirshan. Zannuwanta ta yayyaga ta yi tsummokin, har da atamfar da muka yi anko da ita a bikin babbar ɗiyar. A ƙarƙashi akwai dakakken ganye da wani baƙin kwaɓi. Gefen hagu gaba ɗaya ya tafi, tun daga ƙirji har hamata, hannun ya kumbura ya ninka ɗan'uwansa. Na daɗe ina jiƙawa ina cirewa a hankali, kamar za ta ji zafi. Ban san lokacin da na ce mata, "Da wannan kika yi ta soya kifi?" ba. Mai zuba ruwa ta ce, "Na'am?" Na ce ba da ita nake ba. Na gama, na raba gashinta uku, na naɗe ta, na ƙone tsummokin a bayan ɗaki.

Hanyar Safo ta ɓaci da ruwa, babbar ɗiyar ba ta iso ba sai da ana fita da makara. Ranar sadakar uku ta same ni ni kaɗai a madafa, ta ce, "Inna, mi ya same ta?"

Na ce, "Ajali."

Wajen shekara guda bayan haka ta zo cin kasuwa da wake, ta biyo ta rumfata ta zauna inda uwarta ke zama. Muna cikin hira ta ce ta yaye ɗanta, amma akwai wani ƙullutu da ya ƙi bajewa. Da farko kamar ƙwallon magarya yake, yanzu ya kai ɗan kanya. Ba ya ciwo. Uwar mijinta ta ce nono ne ya kwanta, ta ba ta abin shafawa, ta kuma ja mata kunne kada ta yarda allura ta taɓa wurin.

Na ce, "Wane gefe?"

Ta ce, "Hagu."

Na ce ta tashi mu je likita yanzu. Ta yi dariya irin ta uwarta, ta ce abin da ba ya ciwo mi za a gaya wa likita? Ga maigidanta yana Najeriya wajen cin rani, ba ta nemi izini ba, ga mai amalanken da ya kawo su yana jira. Na ƙulle mata kifi a takarda ta tafi.

Kwana uku abinci bai yi mani daɗi ba. Na san halinta, lallashi ba zai kai ta asibiti ba. Abu ɗaya ne zai kai ta, kuma shi ne abin da uwarta ta jure wata da watanni don kada a sani, ta kuma damƙa mani shi da bakinta. A rana ta huɗu na koma wajen tsohon tela. Ban faɗi sunan kowa ba. Na ce in mai wanka ta ga abu, kuma akwai mai rai da saninsa zai amfana, yaya ke nan?

Ya ce, "Ni tela ne, ba malami ba." Ya taka keken ɗinkinsa ya tsaya. "Amma a sanina ana rufa wa mamaci asiri ne don kada a ci mutuncinsa. Wadda za ki gaya wa, za ta ci mutuncin mamaciyar?"

Na ce, "Mamaciyar ce ta haife ta."

Ya ce, "To." Ya ci gaba da ɗinkinsa.

Washegari na hau babur ɗin kabu-kabu zuwa Safo. Na same ta tana sussukar wake da matan gidan. Bayan gaishe-gaishe na ja ta bayan rumbu, muka zauna kan wani gungume. Na gaya mata duka, ban rage ba, har atamfar bikinta. Na ce na ga ƙarshen abin nan a jikin mata da yawa, ban taɓa ganin farkonsa ba sai a bakinta.

Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki wani kara tana ɓantara. Ta ce:

"Tun yaushe kika sani?"

"Da ido, ranar wanka. Amma na yi zato tun bazara."

"Kuna zaune rumfa ɗaya."

"Muna zaune."

"Ni ba za ta iya gaya mani ba, ni ce ta fari, ko sunana ba ta faɗi. Amma ke, Inna? Ke da kika san abin?"

Muka zauna har inuwar rumbun ta bar mu. Daga nan ta tashi ta ari salula ta kira mijinta. Ya ce a je. Uwar mijin ba ta amsa sallamata ba da zan tafi.

Majo, wato babban ma'aikacin likitar garinmu, ya duba ta ya rubuta takarda zuwa Maraɗi. Can ne na ga abin da ban taɓa gani ba. Kowane benci cike, wasu a ƙasa kan tabarmi, daga Gabi, daga Tasawa, daga ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba. Ga mata cikin manyan hijabai sun tallabe hannu ɗaya, tun daga nesa na gane su. Ga tsofaffi maza da robar fitsari a ɓoye cikin babbar riga. A kusa da mu wata Kirista ce 'yar cikin gari, da ɗankwali ɗaure, ta kawo mijinta, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko. Cikinsa ya kumbura, idonsa kamar yadda tela ya kwatanta mani. Ta miƙo mana ruwa, ta tambayi abin da ya kawo mu. Na fara kame-kame, sai ɗiyar aminiyata ta ce, "Ƙullutu ne a nono. Shi ya kashe uwata." Matar ta ce nasu a hanta yake, sun zo a makare, yanzu maganin rage zafi kawai suke karɓa. Ta ce za ta sa mu a addu'a, na ce mu ma haka. Ranar na fara jin masu rai suna kiran ciwon nan da sunansa a bainar jama'a.

Daga Maraɗi aka tura mu Yamai. Mijin ya dawo gida ya sayar da sansa na noma. Aka cire nonon. Aka shiga yi mata wani magani ta ƙarin ruwa, wanda ya zubar mata da gashi ya hana ta riƙe abinci. Tafiyar farko kaɗai na raka ta. Da za a koma, ta aiko cewa in huta, ƙanwar mijinta za ta je. Na gane.

Tana nan da rai. Hannun yakan kumbura in ta yi aiki, ta bar daka da jan ruwa. Takan koma a duba ta, likitocin kuma ba su yi mata alkawarin komi ba. Gashin ya fito, ya fito da furfura.

Maganar kuwa ta fita daga Safo ta iso Madarumfa, cewa mai wanka ta fara faɗin abin da take gani. Akwai gidajen da yanzu in an yi masu rasuwa sai su aika wata unguwa a kira wata. Ban ga laifinsu ba. Da ni ce nake ɓoye wani abu a ƙarƙashin zane, wataƙila haka zan bar wasiyya. Tsohon tela bai taɓa tayar mani da zancen ba. Waɗanda suke kirana har yanzu ina zuwa, kuma har yanzu ina tarar da ɗaurin nan.

Bara bayan girbi ɗiyar ta zo rumfata. Tun daga ranar Safo takan gaishe ni da ladabi amma ba ta zama. Ran nan ma a tsaye ta yi maganar. Ta ce likita ya ce tunda uwa ta yi, ita ta yi, ya kamata a duba ƙanwarta, kuma ta kira ta a salula ta ƙi saurara. Tana so in raka ta Ɗan Issa.

Muka shiga mota da safe. Ƙanwar ta tarbe mu da murna, ta dama fura, ta aika a sayo nama. Mijinta ɗan canji ne a bakin iyaka, gidan da rufin asiri. Da muka natsa, yayar ta fara. Ta faɗi na uwarsu, ta faɗi nata. Da ta ga ƙanwar tana ta gyara kwanukan da ba su buƙatar gyara, sai ta ɗaga rigarta ta nuna mata tabon.

Ƙanwar ta kawar da kai. Ta ce, "Rufe, Yaya."

"Dubawa kawai za a yi. Ko allura ba za a yi maki ba."

"Ni lafiyata ƙalau." Ta juyo wajena, muryarta ba ta tashi ba. "Uwarmu ta rufe abinta ta tafi da mutuncinta. Ke ta ba amana. Yanzu har a nan garin an san yadda ƙirjinta yake."

Na ce, "Haka ne, ɗiyata. Ni na faɗa."

Ta ce, "To ni ba na son sani. In yana nan, yana nan."

Ta fita tsakar gida ta hau wankin kayan yara. Naman ya iso, ba wanda ya taɓa shi. Da muka yi azahar muka yi mata sallama, ta rako mu har bakin ƙofa, ta cusa wa yayarta sabulu da turmin atamfa a jaka, idonta ya yi ja.

Ni da yayar muka shiga motar dawowa. Ta zauna ta jikin taga ta ɗora kumburarren hannun kan jakarta don kada a matse shi. Da muka sauka a tashar Madarumfa na ce ta kwana, ta ce akwai yara. Na tsayar mata da kabu-kabu. Har ta hau, sai ta ce wa mai babur ɗin ya dakata.

Ta ce, "Inna, in an kwana biyu mu sake komawa. Wataƙila in ta gan mu sau biyu."

Na ce, "Duk ranar da kika shirya."

Sau ɗaya ta sa rana, ɗanta ya kwanta zazzaɓi. Daga baya ruwa ya sauka, kowa ya shiga gona. Yanzu ta ce sai an kai amfani gida.